Adakar Mai Majigi: Sharhi a kan Ƙananan Finafinan Zane na Bukukuwa da Aka Samu a Mandawari

1.0 Gabatarwa

An saba a irin wannan wuri a kawo waƙa ko littafin hira ko wasan kwaikwayo a yi masa sharhi. Ni kuwa abin da na kawo yau tsohuwar adakar ƙarfe ce da abin da na tarar a cikinta. Saboda haka ina roƙon a yi haƙuri da ni har in kai inda na dosa.

A unguwarmu ta Mandawari, cikin birnin Kano, an yi wani dattijo wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin motar majigi ƙauye-ƙauye, shi ne mai ɗaura fim a inji. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, sai magada suka rasa yadda za su yi wa wata adakarsa kuɗi, domin babu kome a cikinta sai wani ƙaramin injin haska fim da waɗansu faya-fayai, mafi yawansu ba su fi tafin hannu ba, waɗansu a kwali, waɗansu a gwangwani. Da yake sun san ina koyar da adabi, sai suka ce in duba musu, ko abin yana da amfani, ko kuwa a miƙa wa 'yan gwangwan. Iyalinsa sun shaida mini cewa marigayin ya riƙa tsintar faya-fayan ne ɗaya bayan ɗaya a wurin gwanjon kayan Turawa masu barin gari, can wajen Nassarawa da Bompai. Da na bi su na duba sai na ga galibinsu hotunan zane ne masu motsi, watau abin da yara ke kira katun, kuma kaso mai yawa daga ciki an yi su ne musamman domin bikin Kirsimeti.

Abin da nake so in tabbatar a wannan takarda guda ɗaya ne. Waɗannan finafinai, in an auna su da ma'aunin adabi, ƙalilan ne daga cikinsu suka cancanci yabo. To amma sun rayu, ana tara su, ana gyara su, ana haska su har gobe, alhali namu da suka fi su nauyi sun salwanta ko suna kan hanya. Dalilin rayuwarsu, a ganina, shi ne an ɗaure su da wata rana ta shekara wadda tilas sai an fito da su a cikinta.

2.0 Zaren da faɗinsa

Kafin a shiga sharhi ya kamata a san irin kayan da ake magana a kai, domin yawancin ɗalibanmu ba su taɓa riƙe zaren fim a hannu ba. Fim ɗin da aka riƙa haskawa a manyan gidajen sinima faɗinsa milimita 35 ne. Yana da tsada, injinsa yana da nauyi, kuma har zuwa wajen 1951 ana yin sa ne da wani sinadari mai saurin kama wuta ƙwarai. Don a shigar da fim cikin gidajen mutane sai aka ƙirƙiro ƙananan ma'aunai. Kamfanin Pathé na Faransa ya fito da mai milimita 9.5 a 1922. Kamfanin Kodak na Amurka ya fito da mai milimita 16 a 1923, da mai milimita 8 a 1932, sa'an nan a 1965 ya kawo wanda ake kira Super 8, wanda faɗinsa ɗaya da na 1932, sai dai an rage girman hujojin gefe don hoton ya sami fili. Duka waɗannan ƙanana an yi su da sinadarin da ba ya tashi da wuta kamar na sinima, shi ya sa aka yarda magidanci ya ajiye su a ɗaki.

Hoto ɗaya a jikin Super 8 bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Fim mai magana yana cin irin waɗannan hotuna 24 a kowace daƙiƙa, ke nan katun na minti 7 ya ƙunshi hotuna 10,080. Faifai mai ƙafa 200 yana ɗaukar kamar minti 10, mai ƙafa 400 kamar minti 20, ƙaramin kuwa mai ƙafa 50 ba ya wuce minti 3 zuwa 4. A riƙe wannan lissafi, domin za mu komo kansa.

Da injinan suka yawaita a gidaje sai aka sami 'yan kasuwa masu sayen izinin tsofaffin finafinai su buga su a ƙaramin zare. Wanda ya fi suna shi ne Castle Films na Amurka, wanda ya shiga kasuwar gida a 1937, aka sake masa suna zuwa Universal 8 a 1977. A Ingila an yi Walton, an kuma yi Derann na garin Dudley, wanda ya ci gaba da buga finafinan Disney a Super 8 bayan bidiyo ya karya kasuwar, bai rufe ba sai a 2011. Kwalayen Castle da na Walton duk akwai su a adakar Mandawari.

3.0 Finafinan kansu

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi, musamman wanda ya taso a birni irin namu, shi ne cewa da wuya a ji ambaton Annabi Isa (Alaihis Salam) a waɗannan finafinai, ko da yake da sunan bikin haihuwarsa aka yi su. Wanda ya cika su shi ne tsohon nan mai farin gemu da jar riga, Santa, wanda a nan ƙasar aka fi sani da Fada Kirsimeti, da buhunsa na kayan wasa. Alal misali, barewar nan mai jan hanci, Rudolph, wadda Max Fleischer ya yi wa katun a 1948, asalinta wani ma'aikacin talla ne mai suna Robert L. May ya ƙaga ta a 1939 domin kantin Montgomery Ward ya raba wa masu sayayya. Ashe ke nan bikin da ke cikin faifan bikin kanti ne. Wanda ya ji tsoron a haska su a zaure don kada a yi wa yara wa'azin wani addini, ya kwantar da hankalinsa ta wannan fuska. Abin da ya fi kamata ya ji tsoro shi ne kwaɗayin da suke koyarwa.

Santa's Workshop na Walt Disney, 1932, shi ne misali mafi bayyana. Daga farkonsa har ƙarshensa masana'anta ce: 'yan ƙananan ma'aikata a jere suna ƙera dawakin katako da 'yartsana, kowa da guntun aikinsa, kaya suna wucewa ana buga musu hatimi. Ta fuskar gwaninta ba ni da ta cewa. Motsi da kiɗa sun tafi tare kamar taken makaɗi da ƙafar mai rawa. Amma babu labari, babu wanda ya so wani abu ya rasa, babu wanda ya sauya hali. Bugu da ƙari, a cikinsa akwai wata baƙar 'yartsana da aka zana da siffar izgili, irin wadda masu wasan barkwanci na Amurka suka saba yi wa baƙar fata. An yanke wannan wuri a yawancin bugun da aka yi daga baya. A nan tsohon faifai yana da wani amfani da mai shi bai nufa ba, watau ya zama shaida. Kamfani yana iya gyara abin da ke hannunsa, ba ya iya shiga adakar mamaci a Kano ya yanke abin da ya riga ya sayar.

Wanda ya fi burge ni, kuma ya fi kama da rayuwarmu, shi ne Christmas Comes But Once a Year na gidan Fleischer, 1936. Marayu ne a gidan marayu suka tashi da safe, kowa ya ɗauki kyautarsa, sai kayan suka kakkarye a hannunsu saboda rashin ƙwari, suka koma suna kuka. Wani tsoho mai dabara, Grampy, yana wucewa ya ji, ya shiga kicin ya tattaro tukwane da cokula da lema da sauran tarkace, ya ƙera musu sababbin kayan wasa, har da bishiyar biki ta lemomi da ya ɗora a kan garmaho tana juyawa. Duk wanda ya taɓa ƙera mota da karan dawa, ko da langa-langa da waya da murfin kwalba, ya san wannan tsoho. A nan an sami rashi, an sami hikima, an sami biyan bukata, kuma abin dariyar yana cikin ƙirar kanta: mai kallo yana gane tukunyar da aka mayar da jirgi. Aibinsa ɗaya, marayun duka fuskarsu ɗaya, kukansu ɗaya, ba a ba ko ɗaya daga cikinsu hali nasa na kansa ba. An mayar da su abin tausayi kawai domin tsohon ya sami wurin nuna bajinta.

Sai Peace on Earth, wanda Hugh Harman ya yi wa kamfanin MGM, ya fito a Disamba 1939, watanni uku bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan shi kaɗai ne a adakar zan iya kira adabi ba tare da na yi ƙaulani ba. Tsarinsa tsarin tatsuniya ne sak: dare ya yi, kakan kurege ya zo gida, jikoki biyu suka tambaye shi mene ne mutum, domin sun ji sunan a waƙa amma ba su taɓa ganinsa ba. Sai ya ba su labarin waɗansu halittu masu hular ƙarfe da dogon hancin roba, waɗanda ba su taɓa rasa dalilin faɗa ba, har suka rage saura biyu, su ma suka harbe juna. Dabbobi suka fito daga maɓoya, suka tarar da wani littafi a kangon majami'a, mujiya ta karanta musu haramcin kisa da umurnin sake gina kufai, suka gina gari da hulunan mayaƙan. A lura da dabarar: an juya tatsuniya ta koma kanta a ƙasa. A wurinmu mutum ne ke ba da labarin Gizo da kura don ya yi wa ɗan'uwansa hannunka-mai-sanda. A nan dabba ce ke ba da labarin mutum, kuma mutumin ya riga ya ƙare. An ma sauya salon zanen: dabbobin an yi su da taushi da ƙuruciya, sojojin kuwa an zana su kamar hoton gaske, cikin laka da hayaƙi. Na haska wa ɗalibaina shi, babu wanda ya yi dariya, kuma babu wanda ya tambaye ni ma'anar dusar ƙanƙara.

Na Tom da Jerry, The Night Before Christmas na 1941, ba ya bukatar dogon bayani. Kyanwa ta kori ɓera waje cikin sanyi, zuciyarta ta dame ta, ta ɗauko shi ta gasa shi a bakin wuta har ya farfaɗo, shi kuma ya cire mata tarkon da ya ɓoye a kwanon madararta. Sulhu ne na dare ɗaya, kowa ya san gobe za a koma ruwa. Ya yi daidai da yafiyar da ake yi a bakin masallacin Idi.

To, yanzu mu komo kan lissafin ƙafa. Katun na minti 7 yana shiga faifan ƙafa 200 ba tare da an taɓa shi ba. Amma mai ƙaramin ƙarfi ƙafa 50 yake iya saye, saboda haka sai kamfani ya datse fim ɗin ya bar rabinsa, ya cire launi, ya cire sauti, ya sa allunan rubutu a madadin magana. Wani lokaci har suna ake sakewa. Abin da ke fara tafiya a irin wannan datsa shi ne shiru da jinkiri, watau wuraren da ake gina dalili, a bar guje-guje da faɗuwa. Kamar a ce mutum ya taƙaita Ruwan Bagaja ya bar wuraren da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi wa juna mugunta kaɗai, ya zubar da dalilin fitar Alhaji daga gida. Akwai ma abin da ya fi datsa muni. Karel Zeman na ƙasar Cekosulobakiya, tare da Bořivoj Zeman, sun yi wani ɗan fim a 1945 a kan yarinyar da ta jefar da tsohuwar 'yartsanarta ta tsumma don ta sami sababbi, cikin barci ta ga 'yartsanar ta tashi tana yi mata wasa har ta sake ɗaukarta. Fim ɗin ya sami kyauta a bikin Cannes na 1946. Da Castle suka buga shi da sunan A Christmas Dream sai aka cusa Santa a ciki, ya zama shi ne mai aiko da mafarkin. Da can nadamar daga zuciyar yarinyar ta taso. Yanzu ta zama aiken wani babba. Saboda haka duk mai nazarin da ya ɗauki irin wannan faifai ya sani cewa abin da ke hannunsa riwaya ce, kuma mai riwayar ɗan kasuwa ne.

4.0 Ƙaramin zare a Kano

Kada a ɗauka ƙaramin fim baƙo ne a ƙasar Hausa. Mun san shi tun da daɗewa, sai dai ta wata ƙofa ya shigo. A Turai da Amurka uba ne ke sayen inji ya haska wa 'ya'yansa. A nan hukuma ce ta saya, ta ɗora a mota, ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, ga mai sharhi da lasifika yana fassarawa. Wannan shi ne majigi, kuma milimita 16 shi ne abin aikinsa. Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar yin finafinai domin ƙasashen da take mulka a 1939, ta ɗora William Sellers a kai, wanda dā jami'in tsafta ne a Nijeriya. Ra'ayin Sellers shi ne Ba'afirke ba ya iya bin hoto mai sauri ko mai dabara, sai a yi masa a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya. Turawan wannan zamani sun daɗe suna yayata labarin ƙauyawan da aka ce an nuna musu sauro ya cika allo, suka ce su kam nasu sauron bai kai wannan ba. Sun ɗauki maganar a matsayin shaidar jahilci. Duk wanda ya san bakin Bahaushe ya san zolaya in ya ji ta. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayani mai gamsarwa a kan yadda majigi ya zama bakin gwamnati, sinima kuma ta zama ta kasuwa.

Ita sinimar ba ta shigo da farin jini ba. An buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa. A ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a gidan sinima na El Duniya, mutum 331 suka rasu, kuma jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin hukunci. A wannan shekarar aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni, ta gamu da adawa mai tsanani. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamaki ba don magidancin Mandawari bai yi sha'awar shigar da injin fim cikin gidansa ba, ko da yana da kuɗinsa. Kafin ra'ayi ya sassauto talabijin ta iso, CTV ta fara aiki a 1982, bidiyo ya biyo baya, a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Muka tsallake zangon ƙaramin zare na cikin gida gaba ɗaya. Marigayi mai adaka yana cikin 'yan tsirarun da suka tsaya a wannan zango, kuma aikinsa ne ya kai shi.

Abin da tsallaken ya jawo shi ne fim ɗinmu na zare kusan duka a hannun hukuma ya zauna, kwafi kaɗan, a ɗaki guda. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a taskar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin Balin na 2018. Shekaru 40 ke nan yana kwance. Kyanwa da ɓera kuwa ba su taɓa kwanciya ba, domin an buga su da yawa, sun warwatsu gida-gida, kuma kowane Disamba akwai wanda zai buɗe kwali, ya ga inda ya tsinke ya liƙe, ya ji in ya fara wari.

5.0 Shin muna da namu?

Wani zai ce ai zanen motsi ba al'adarmu ba ce. Amsar tana Tawa, a Jamhuriyar Nijar, inda Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa. An haife shi a 1942, makaniki ne tun farko, ya fara da wasan inuwa da fitila, ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, zane na 'yan mintoci a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da faretin soja da jawabai da duk sauran holoƙon sababbin gwamnatocin Afirka. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yartsana. Wani aikinsa ma sunansa Kokoa, watau kokawa, inda dabbobi ke shiga fili ana yi musu kiɗa. Ya rasu a 2015. Ɗalibanmu nawa ne suka taɓa jin sunansa? Ya fi masu Santa's Workshop abin faɗi nesa ba kusa ba, amma babu wata rana a kalandarmu da ke kiran a fito da shi.

Alhali kuwa mun fi kowa sanin fasahar da ke da lokacinta. Tashe ba ya fitowa sai goma ga watan azumi. Yaron da ya manna auduga a haɓa ya duƙa da sanda yana Tsoho da Gemu bai karanta wasan a littafi ba, bara ya gani a wurin yayansa. Babu taska, babu gwangwani, watan ne ke adana shi. Haka hawan Sallah da Hawan Daushe da na Nassarawa, waɗanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disamba 2024. Abin da masu tara ƙananan finafinai suka yi a ƙasashensu bai wuce wannan ba: sun mayar da faifai ɗan tashe. Har wata rana suka keɓe tun daga 2003, inda jama'a ke kawo tsofaffin faya-fayan gidajensu a duba musu lafiyarsu a haska wa kowa ya gani.

6.0 Daren da aka haska

Da izinin magada na ɗauki injin na kai wa wani mai gyaran rediyo. Bel ɗinsa ya narke, sai da aka yanko wani. Ƙirar Amurka ne mai cin wuta bolt 110, tamu kuwa ta ninka haka, don haka sai da taransifoma. Ƙwansa na asali yana nan da rai, muka riƙa lallaɓa shi kamar jinjiri. Daren biyu ga ƙaramar Sallar da ta wuce muka rataya farin zanen gado a zauren gidan marigayin, yara suka cika tabarmi, dattawa suka zauna a baya a kan cewa sun zo sa ido ne kawai.

Yanayin Kano bai yi wa faya-fayan sauƙi ba. Zafin bazara da laimar damina su ne ke ruɓar da sinadarin zaren, ya riƙa fitar da wari mai tsami irin na ruwan khal, ya motse, ya kanannaɗe, hujojinsa su daina hawa haƙoran inji. Kuma warin yana harbin na kusa da shi, tilas a ware mai ciwo. Uku daga ciki sun riga sun wuce magani. Masu launi da aka buga kafin 1982 yawancinsu rininsu na shuɗi da na rawaya ya gudu, ja ya saura, har sararin sama ya zama kamar an zuba masa zoɓo. Yara ba su damu ba. Ƙarar injin da hasken da ke ratsa ƙura sun fi ɗaukar hankalinsu, wani ma ya bar allo ya juyo yana kallon faifan yana juyawa.

Can ƙasan adakar akwai wani ƙaramin faifai mai ƙafa 50 a cikin kwali mai ruwan ɗorawa, babu suna sai wani rubutun fensir da ya goge. Shi muka sa a ƙarshe. Ba na kamfani ba ne. Wani ne ya ɗauka da hannunsa a kan Kodachrome, fim ɗin da launinsa ba ya gudu, wanda aka daina wanke shi a duniya tun ƙarshen 2010. Sai ga Ƙofar Kudu, ga dogarai da ja da kore kamar jiya aka rina, ga 'yan lifidi, ga mahaya sun taho a guje sun ja linzami sun ɗaga hannu suna jinjina. Hannun mai ɗauka yana rawa, sau biyu kan wani ya tare hoton. Dattawan da suka zo sa ido suka matso gaba. Gardama ta kaure a kan ko tawagar wane hakimi ce, wannan ya kafa hujja da rawani, wancan da kayan doki, wani ya ce wancan gini na hagu an rushe shi tun yana yaro. Minti uku da 'yan daƙiƙoƙi fim ɗin ya ƙare, aka ce a maimaita. Sau huɗu na mayar da shi, a na biyar na ƙi, domin na ga hujoji biyu sun fara yagewa.

Da na kai kwalin hancina na ji tsamin ya soma, kaɗan. Na ware shi daga sauran, na shawarci magada kada su sayar, kuma a nemi wanda zai kwafe shi zuwa kwamfuta hoto bayan hoto tun zaren yana iya miƙewa. Babban ɗan marigayin ya ce a yi haka, amma da sharaɗin faifan ya dawo gidan kafin babbar Sallah, domin akwai wata gwaggonsu a Gwale da ba ta sami zuwa ba, kuma ita ce za ta iya raba gardamar rawanin.